Kiwon lafiya da maganin tsofaffi a Damargu: ƙofofin da ke akwai, takardun da ake nema da lokacin da ya dace

Tambaya guda ce ta fi yawa a kiran da kuke yi mana: shin akwai katin gwamnati da tsoho zai riƙe a duba shi kyauta a ba shi magani? In akwai, daga shekara nawa ake shiga, a ina ake rajista, kuma yaushe ake rufewa? Mun tattara amsar wuri guda, don mai karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Amsa a taƙaice

A Damargu, tsufa kaɗai ba ya ba mutum katin magani kyauta. Kyautar kiwon lafiya da jihar Nijar ta shimfiɗa tsakanin 2005 da 2007 ta shafi yara ƴan ƙasa da shekara 5, awon ciki, tiyatar haihuwa, tsarin iyali da kansar mata. Ba a sa dattijo a wannan jerin don yawan shekarunsa ba. Amma akwai ƙofofi guda biyar da tsoho zai iya bi ya samu sauƙi. Wata ba ta buƙatar komai, wata sai da takarda, wata kuma tun mutum yana da ƙarfinsa ake buɗe ta. Wanda ya san su tun da lafiya, shi ke cin moriyarsu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ƙofa ta ɗaya: ragin rabin kuɗi a asibitocin gwamnati

A watan Ogusta na 2024, gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta yanke shawarar rage kashi 50 cikin 100 na kuɗin aiki a asibitocin gwamnati, aka soma aiki da ita ranar 1 ga Satumba 2024. Ragin ya shafi kuɗin ganin likita, kwanciya, awon jini da sauran awo, hoto, da tiyata. An mayar da haihuwa kyauta, an kuma soke kuɗin nan jika 150, wato sefa 150.000, da mai ciwon ƙoda ke ajiyewa kafin a soma yi masa wankin ƙoda.

Wannan ƙofa ba ta da rajista, ba ta da kati, ba ta da ranar rufewa, ba ta duba shekaru. Ko a Gangara, ko Olelewa, ko Falanko, ko Tenhiya, ko Tarka, duk wanda ya shiga likitar gwamnati ragin ya shafe shi. Abu biyu dai za a kiyaye. Na farko, ragin na asibitin gwamnati ne. Maganin da aka rubuta maka ka je ka saya a farmasi mai zaman kanta, ko aikin kilinik ta kuɗi, ba su ciki. Na biyu, a karɓi rasit duk lokacin da aka biya. Rasit shi ne shaidarka idan lissafi ya rikice, kuma shi za ka ɗauki hotonsa ka aika wa ɗan da ya turo kuɗin.

Ƙofa ta biyu: cututtukan da maganinsu kyauta ne ga kowa

Akwai cututtukan da jiha da abokan aikinta suka ɗauki nauyin maganinsu, yaro ne ko tsoho: tarin fuka, kuturta, da maganin rage ƙarfin sida. Haka magungunan da ake rabawa gari-gari a lokacin gangami. Ga iyayenmu mata kuwa, kansar nono da ta bakin mahaifa suna cikin jerin kyauta tun 2007, kuma akwai cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa a Yamai.

Rajistar nan ita ce awon kansa: a je CSI, majo ya duba, in an tabbatar da cutar a sa sunan mutum a littafin masu karɓar magani. Lokacinta kuwa shi ne da wuri. Dattijon da ya wuce mako biyu yana tari, yana rama, yana zufa da dare, kada a ce sanyi ne ko tsufa. Maganin tarin fuka aƙalla wata shida ake shan sa ba fashi. Wanda ya yanke a tsakiya don ya ji sauƙi, cutar kan dawo da taurin kai. Inna da ta ji ƙullutu a nono, ko ta ga jini bayan ta daɗe da daina al'ada, a kai ta, kada kunya ta ci rai. Kyautar ba ta ɗauke kuɗin mota da abinci da masauki ba, don haka a sa su a lissafi tun daga gida.

Ƙofa ta uku: tsoffin ma'aikatan gwamnati

Malamin makaranta, malamin asibiti, ma'aikacin gandun daji da sauran waɗanda suka yi aikin gwamnati, fanshonsu yana hannun CARENI, asusun ƴan ritaya da aka kafa da dokar 2012. Ma'aikacin gwamnati da iyalinsa, jiha na ɗaukar kaso mafi tsoka na kuɗin aikin asibitin gwamnati, kuma wannan gata ba ya yankewa da ritaya. Sai dai ba ya zuwa da kansa: ana neman takardar ɗaukar nauyi, a kai ta asibitin. Mafi kyau a karɓe ta kafin a soma aikin, in dai ba na gaggawa ba ne.

Wanda ritayarsa ta kusa, ya soma haɗa takardunsa shekara guda kafin ranar: takardar ɗauka aiki, takardun ƙarin girma, takardar haihuwarsa, takardar aure, takardun haihuwar yara. Galibin jinkirin da ake sha tsakanin albashin ƙarshe da fanshon farko, daga takarda guda da ta ɓata yake farawa.

Ƙofa ta huɗu: ma'aikatan kamfanoni da ƙungiyoyi

Wanda ya yi aikin albashi a kamfani, kamar matatar man SORAZ da ke yankin Olelewa, ko ma'adinan Arlit, ko wata ƙungiyar agaji, ko direba da mai gadi da aka ɗauka bisa yarjejeniya, shi nasa asusun CNSS ne. Ga ƙa'idodin da ya kamata a riƙe:

- Mai ba da aiki ne doka ta ɗora wa yi wa ma'aikaci rajista, tun farkon ɗaukarsa. Ana cire wani kaso daga albashi, mai aikin ya ƙara nasa, a zuba.
- Ma'aikaci ya nemi lambarsa ta CNSS ya ajiye. Cirewa daga albashi daban, zubawa a asusu daban. A riƙa leƙawa ofishin CNSS na Damagaram ana tabbatarwa tun ana cikin aiki.
- Shekarun karɓar fanshon tsufa 60 ne, kuma sai an ajiye aikin albashi. Wanda ya zuba na shekaru masu yawa yana samun fansho mai ɗorewa. Wanda zubinsa bai kai ba, akan ba shi dunƙule sau ɗaya.
- In mai fansho ya rasu, matarsa da marayunsa suna da haƙƙi. In mata sun fi ɗaya, rabon matar ake kasa musu daidai. Amma sai da takardar aure da takardar mutuwa. Auren da aka ɗaura a ƙofar gida ba a kai shi ma'aikatar magajin gari ba, ranar nan yake zama matsala.

A gane wani abu: CNSS asusun fansho ne, da kuɗin iyali, da haɗarin wurin aiki. Ba inshorar da ke biyan kowace takardar magani ba ce. Tana da nata wuraren duba marasa lafiya a manyan birane, amma maganin hawan jini na kowane wata, daga fanshon za a cire shi. Kuma ko CARENI ko CNSS, lokaci-lokaci sukan nemi shaidar cewa mai fansho yana raye. Idan kun ji sanarwar a rediyo, kada a bari wa'adin ya wuce, don in ya wuce akan tsayar da biya har sai an gyara.

Ƙofa ta biyar: marasa galihu da naƙasassu

Mafi yawan dattawan Damargu manoma ne da makiyaya, ba su taɓa karɓar albashi ba. Wanda a cikinsu ba shi da mai ɗaukar nauyinsa, akwai takardar shaidar rashin galihu. Ana neman ta ta ma'aikatar magajin gari ta komin ɗin da mutum yake zaune, bayan an bincika halinsa. Shaidar maigari ko mai unguwa tana da nauyi a nan. Da ita ake zuwa ofishin jin ƙai na asibiti, kamar na babban asibitin ƙasa na Damagaram, a nemi ragi ko yafiya. Ba kowa ake ba, kuma abin da ake yafewa ya danganta da abin da ke cikin asusu a lokacin. Duk da haka, wanda ya zo da takardarsa a hannu ya fi wanda ya zo da baki kawai.

Naƙasassu kuma, dokokin ƙasa sun tanadar musu sauƙi na musamman a asibitocin ƙasa. Dattijon da ya makance, ko shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, iyalinsa su nemi ma'aikatan jin daɗin jama'a na gunduma su yi masa shaidar naƙasa. Ita ma tun da sauƙi ake neman ta, ba daren da aka sa shi a mota ba.

To ina inshorar kowa da kowa?

Maganar tana tafe. Akwai dokar 2018 kan kare lafiya da rayuwar jama'a, an kafa hukumar INAM don kula da biyan kuɗin kiwon lafiyar da ake yi kyauta, an kuma gwada inshorar gunduma a Gaya ta jihar Doso da Goteye ta jihar Tilaberi, inda iyali ke zuba kuɗin shekara su karɓi kati. Irin wannan tsari, duk inda ya je, da sanarwar perefe da shugaban likitocin gunduma da sarakuna yake zuwa, a fili, a gaban kowa.

Saboda haka muna jan kunne: duk wanda ya shigo gari da jaka da littafi ya ce yana rajistar katin tsofaffi, a kawo jika biyu ko biyar, ko ya kira ta waya ya ce a turo kuɗi a sa sunan Baba a jerin masu samun taimako, kada a ba shi ko dala. A tambayi majon CSI, a tambayi maigari, a kira mu. Rajistar gaskiya tana da ofis, tana da hatimi, tana da rasit.

Takarda ita ce mabuɗi

Ƙofa ta uku, ta huɗu da ta biyar duk ba sa buɗuwa sai da takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa. Dokar 2019 kan rajistar jama'a ta ba da kwana 60 a bayyana haihuwa. Wanda ya wuce wa'adin, sai ta hannun alƙali. Iyayenmu da aka haifa a gida shekara sittin ko saba'in da suka wuce, hanyarsu ke nan: a je kotun Tanut da shaidu, a yanke hukuncin da ke maye gurbin takardar haihuwa, a kai shi ma'aikatar magajin gari a rubuta. Wani lokaci alƙalai kan fita ƙauyuka su yi zaman bayar da takardu a wurin. Idan muka sanar da irin wannan zama, a bar komai a kai tsofaffi, don ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

A duba rubutun suna da kyau. In takardar haihuwa ta rubuta suna da wani harafi, katin ɗan ƙasa ya rubuta da wani, ko shekarar haihuwa ta bambanta, ofis kan mayar da mutum gida. Da yawa cikin dattawanmu an sa musu 1 ga Janairu a matsayin ranar haihuwa. Ba laifi ba ne, abin nema dai ranar ta zo ɗaya a dukkan takardun. A yi kwafi, a sa na asali a leda cikin akwati saboda gara da ruwa, a aika hotonsu ga ɗa ko ƴa guda mai riƙon amana.

Maganar magani

Hawan jini, ciwon suga da ciwon gaɓɓai su ne ke cinye kuɗin tsofaffi, don maganinsu ba ya ƙarewa. Hanyar rage tsada ita ce a roƙi mai rubuta magani ya rubuta jenerik, wato maganin da ke ɗauke da sunan sinadarinsa ba sunan kamfani ba. Aikinsu ɗaya, kuɗinsu ba ɗaya ba. Irin su ake samu a CSI da farmasin gwamnati na ONPPC. Maganin tebur na kasuwar Bakin Birji ko Sabon Kafi da ya sha rana, da na mai yawo a kan babur, araharsa ta banza ce: ba ka san abin da ke ciki ba, kuma ƙwayoyin kashe ciwo da ake sha barkatai suna lalata ƙoda da ciki. A riƙe ƙaramin littafi guda na asibiti, duk awon da aka yi da duk maganin da aka ba da a rubuta a ciki.

A bi matakai kuma: daga ƙaramar likitar ƙauye zuwa CSI, daga CSI zuwa asibitin gunduma, daga nan Damagaram, da takardar turawa a hannu. Tsakanin Tanut da Damagaram wajen kilomita 150 ne. Wanda ya tsallake matakai ya tafi da kansa, sau da yawa yakan biya mota ya kuma soma layi daga farko.

Kalandar Damargu

Tunda babu watan rajista da gwamnati ta tsayar wa tsofaffi, sai mu tsayar wa kanmu, bisa yadda shekararmu ke juyawa.

- Kaka, Oktoba zuwa Disamba: hatsi ya shiga rumbu, hannu da ɗan abu, hanyoyi sun bushe. Lokacin yin takardu ke nan, da awon jini da na suga da na ido, da ware kuɗin maganin shekara.
- Kafin azumi: mai suga da mai hawan jini su ga malamin asibiti ya tsara musu lokutan shan magani, ya kuma faɗa musu gaskiya in azumin zai cutar da su.
- Bazara, Afrilu da Mayu: zafi ya fi kada tsofaffi. Kada magani ya yanke, kada ruwan sha ya yi nisa da su.
- Kafin Layya: dabba na da daraja. Wanda zai sayar da rago don asusun lafiyar iyaye, yanzu ne, ba ranar da ciwo ya tilasta a karyar ba.
- Farkon damina: makiyaya masu hawa arewa wajen Tenhiya, da manoman da ke komawa gonakin nesa, su tanadi maganin da zai kai su dawowa.

Ga ƴan uwa da ke waje

Ƙa'ida guda ta haɗa dukkan ƙasashe: katin lafiyar ƙasa a cikin ƙasar yake aiki. Katinka na Kano ko Abijan ba ya biya wa Baba magani a Balbeji. Amma in tsohon yana zaune tare da kai a can, ga abin da ya kamata ka sani.

A Najeriya, dokar NHIA da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Mayu 2022 ta wajabta inshorar lafiya, ta kuma sa tsofaffi cikin masu rauni da asusu na musamman zai tallafa wa. Jihohi na da nasu hukumomin, kamar KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna. Ana neman lambar NIN, ana zaɓen asibiti guda, kuma akwai jira tsakanin rajista da soma amfani. A Gana, wanda ya kai shekara 70 ba ya biyan kuɗin shekara na NHIS, amma dole a sabunta kowace shekara. Ana iya yi ta waya da *929#. A Kodebuwa, CMU ta shafi duk mazaunin ƙasar har da baƙo, jika ɗaya ne a wata ga kowane mutum, ita ma da lokacin jira. Senegal kuwa tun 2006 take da shirin Sésame na masu shekara 60 zuwa sama. Shi ne irin katin da masu saurarenmu ke tambaya, kuma na ƴan ƙasar ne.

A Amurka lokaci ya fi tsanani. Medicare daga shekara 65 ne. Ƙofar farko wata bakwai ce: wata uku kafin watan cika 65, watan kansa, da wata uku bayansa. Wanda ya makara ba tare da wata inshorar wurin aiki ba, ana ƙara masa kashi 10 cikin 100 a kuɗin sashen B kan kowace shekara da ya yi jinkiri, kuma ƙarin yakan bi shi muddin yana cikin tsarin. Sashen D na magani shi ma yana da tara: kashi 1 cikin 100 kan kowane wata, in an wuce kwana 63 ba inshorar magani. Daga 15 ga Oktoba zuwa 7 ga Disamba kowace shekara ake canza tsari, wanda kuma ya rasa ƙofar farko yana da 1 ga Janairu zuwa 31 ga Maris. Iyayen da aka kai da katin zama na dindindin, ba su yi aiki a can ba, sai sun shekara biyar a jere kafin su iya shiga, kuma da kuɗinsu. In suka dawo gida hutu, Medicare galibi ba ya biyan abin da aka kashe a nan.

Masu aiki a Libiya da Aljeriya kuwa, mafi yawa ba a rubuta su a kowane asusu ba, don haka ajiyarsu ita ce inshorarsu da ta iyayensu. Shawararmu: ƴaƴa su haɗu su tsayar da abin da kowa zai riƙa turowa a wata, ko kaɗan ne, ta NITA ko Al Izza ko wata hanyar da aka amince da ita, a hannun mutum guda da zai riƙa nuna rasit. Jika biyar da ke zuwa kowane wata ta fi jika ɗari da ake nema da kuka cikin dare.

Abin yi a wannan mako

A buɗe akwatin Baba da na Inna a ga wace takarda ke akwai, wace ce babu. A tambaye su ko sun taɓa aikin albashi, ko da na shekara biyu ne, a nemo lambar. A kai su CSI mafi kusa a auna jini. Wanda ke da tambaya ya kawo ta gidan rediyo ko ya kira lokacin shirin lafiya, mu kuma za mu kai ta ga masu alhakin amsawa, mu karanto muku a iska. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana, ya ba mu ikon kula da su. Amin.